Karan Shekara da Na Ƙone a Wata Biyu

Jiya da hantsi ina zaune ina kallon jikata tana dafa shayi a kan gas. Ta murɗa, wuta ta tashi shuɗiya ba hayaƙi ba ƙauri, ruwa ya tafasa ta sauke. Sai wayarta ta yi ƙara, ta tafi amsawa ta bar wutar tana ci ba komai a kanta. Na ƙwala mata kira har sau biyu. Ta dawo tana dariya ta ce, "Kai Hajiya, ke dai da tsumulmular wuta!" Ban ga laifinta ba. Ni ma na taɓa zama mai barin wuta ta ci a banza, kuma tawa ɓarnar ta fi tata nesa ba kusa ba, don saura ƙiris ta cinye itaciyar da gida guda ya dogara da ita.

A cikin garin Gumel na tashi, a gidan da ba a san ƙarancin itace ba. Kullum da sassafe za ka ji kukan jakuna da muryar masu itace suna bin lungu, an ɗoro ƙirya da marke an faskara su tsaf. Mahaifiyata irin matan nan ce da ba su yarda girki ya yi ba sai harshen wuta ya rufe tukunya har wuya. Takan ce wuta mai kunya ba ta dafa tuwon kirki. A wurinta na koyi cusa itace huɗu biyar a murhu lokaci guda, in an sauke kuma a bar saura ya cinye kansa, yara su gasa gyaɗa a garwashi. Mu 'yan matan gari kuwa muna da wani girman kai da yanzu yake ba ni dariya. Mace ta zo daga ƙauye, da warin hayaƙin zanenta muke gane abin da ake hurawa a gidansu. Mai ƙaurin kara mu ce baƙauya ce. Mai warin kandilo kuwa, wato busasshen kashin shanu, ita ce ƙarshen abin tausayi a wurinmu, ko ƙosanta ba ma saye.

To, Allah da ikonsa, sai na so direban babbar mota, shi ma ya so ni, aka ɗaura aure a shekarun da aka canja kuɗi zuwa naira. Aka kai ni ƙauyensu, tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, inda in ka tsaya a bakin gari kana hango ƙasar Nijar, wadda tsofaffi suke ce wa Faranshi. Maigidana mako yake yi a hanya, kwana ɗaya ko biyu a gida. Babban gida kuwa wansa ne, wanda muke ce wa Yaya, mutum mai ƙarancin magana da yawan aiki. Sai uwarsu, Inna, 'yar siririyar tsohuwa da aka auro tun tana yarinya daga wani ƙauye can arewa da Damagaram. Matar Yaya ta haihu ta tafi wankan gida, saboda haka girkin gidan kaf ya dawo hannuna, ni amarya da ko lallena bai gama gogewa ba.

Shekarar fari ce. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa. A duk gonar gidan wuri ɗaya ne ya ba da abin kirki, shi ne ƙarƙashin wani babban gawo da ke tsakiyarta. Wanda bai san gawo ba ba zai gane ba. Itaciya ce mai saɓa wa 'yan uwanta: da damina ta zubar da ganye ta bar wa shuka rana, da rani ta yi kore ta zubo 'ya'ya awaki su ci, dabbobi su kwanta a inuwarta su bar taki. Geron da muka ci a shekarar, rabinsa daga gindinta ya fito. An riga an sassare rassanta an ba dabbobi har Inna ta hana, ta ce in aka ƙara sara ɗaya ta mutu. Ga kuma baƙi. Ƙanwar Inna, da muke kira Gwaggo, ta gangaro daga Faranshi da jikokinta bayan dabbobinsu sun ƙare, bakunan gidan suka ƙaru. Dajin da ke kewaye kuwa mutane sun share shi, sabara ma har saiwarta aka tono.

A gidan akwai wata al'ada da ban taɓa gani a Gumel ba. Bayan girbi ana tattaro karan gona gaba ɗaya, Inna ta tsaya a kai ta raba shi uku: na danga da gyaran ɗaki, na dabbobi, da na wuta. Na wutar ana jinginar da shi a bayan madafi, ita kuma da ido kawai take ƙiyasta cewa zai kai gida har saukar ruwa. Ba ta taɓa kuskure ba, in ji su. Kashin dabbobin gida kuwa ba a ƙona shi, na gona ne. Ta nuna mini tarin ta ce, "'Yar Gumel, ga itacenki na bana." Na ce to, a raina kuwa ina cewa wannan tsauni haka, ai ko shekara biyu ma yi.

In maigidana ya dawo, bayan magariba akan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya yi ta ba mu labarin duniya. Ni abin da ya fi burge ni labarin tufafi da gine-gine, Inna kuwa kullum tambayarta ita ce me suke hurawa. Ya ce a Kano gidajen ma'aikata sun koma risho mai cin kananzir. A Legas ya ga gidan da ake girki da lantarki, ba harshen wuta ko ɗaya, wani faranti ne kawai ya yi ja. A kurmi kuwa itace ne jibge a gefen titi yana ruɓewa ba mai ɗauka, har abin yakan ba shi haushi. Jirgin ƙasa baƙin dutse yake ci, wato kwal. Wani alhaji da ya ɗauko ya ce masa a Makka iska ake ɗurawa a tukunyar ƙarfe a yi girki da ita. Gwaggo ta ce su a can kwalbar kananzir ɗaya sai ta ga kasuwa huɗu, don fitila ba ta wuce lokacin cin tuwo, kuma Buzu da garwashin da bai cika tafin hannu ba zai dafa shayi hawa uku. Abin mamaki, gangunan kananzir ɗin da maigidana yake ɗaukowa daga Kano, a Maigatari ake sauke su su haye arewa, mu kuma a bar mu da kwalbarmu ta fitila. Inna takan saurara tsaf, sannan ta ce, "Kowace ƙasa da abin da Allah ya ba ta ta hura. Ni ba girman wuta nake tambaya ba. Mutum nawa ta ciyar?"

Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Sanyi ya shigo, na shiga aikina irin na gidanmu. Kara ba itace ba ne, fuu yake yi ya wuce, ni kuwa sai in rungumo in cusa, in sake rungumowa. In hura da safe, in hura da rana, in hura da yamma. In dafa ruwan wanka tukunya guda don kaina. In an sauke tuwo in ƙara kara don yara su ji ɗumi, su yi ta murna suna cewa amarya ta iya wuta, ni kuma kaina ya ƙara girma. Sau biyu Inna ta tsaya a bakin madafi ta ce, "A hankali dai, 'yar nan, kara ba ya haihuwa." Na ce to Inna, na ci gaba da abina. Kafin wata biyu tsaunin nan ya koma ɗan tsibi, ruwa kuwa da sauran wata huɗu ko fi.

Ban san an yi magana a kai ba sai wata asuba da na fito da wuri. Na tarar da Inna tsugune tana alwala da ruwan randa, cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, yatsunta sun ƙage har buta tana neman kuɓuce mata. Da can kullum akan ɗumama mata ruwa a wata 'yar tukunya saboda ciwon gaɓɓai. Na duba na ga 'yar tukunyar a kife. Da gari ya waye na tambayi Gwaggo. Ta dube ni ta ce, "Au, sai yau kika gani? Ta fi kwana ashirin da dainawa, har kunun safe ta ce ba ta so. Yayanku ya tambayi inda kara ya tafi, ta ce masa ita ce ta yi kuskuren rabo, tsufa ya fara taɓa mata ido." Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Matar da ba ta taɓa kuskure ba ta ɗora wa kanta kuskure a gaban ɗanta, don kada a ce amarya mai ɓarna ce. Na shiga ɗaki na yi kuka, irin kukan da ba ka son kowa ya rarrashe ka.

Bayan kwana biyu Yaya ya shigo da gatari, sabon wasawa daga maƙera, ya jingine shi a bakin zaure. Ya gaida Inna ya ce, "Inna, na duba kara. Ba zai kai ba. Gawon nan in aka sare shi zai kai mu har kaka."

Ta ce, "In ka sare shi, baɗi a gindin me za ka shuka?"

Ya ce, "Baɗi ta Allah ce. Yara ba za su ci ɗanyen gari ba."

Ba mugu ba ne, gaskiyarsa yake faɗa. Ni kuwa a lokacin matar ƙane ba ta sa baki in manya suna magana, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na fito na durƙusa nesa kaɗan, kaina a ƙasa, na ce, "Yaya, a yi mini aikin gafara. Rabon Inna daidai yake. Ni ce na ƙone karan."

Inna ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. A ba ni dama in gyara."

Yaya ya dubi gatarin, ya dubi Inna. Can ya ce, "To, na ji. Gatari yana nan inda yake. Ranar da aka wayi gari ba abin hurawa a gidan nan, ranar zan sare. Ban ce kafin nan ba, ban ce bayan nan ba."

Daga ranar na koma ɗalibar Inna, kuma har gobe ban ga malami irinta ba. Ta sa na kwaɓa ƙasa muka toshe tsakanin duwatsun murhu, aka bar baki ɗaya, don iska ta daina satar zafi. Ta koya mini sa kara ɗaya ɗaya, ana turawa a hankali kamar mai ba jariri kunu. Wake a jiƙa shi tun jiya. Tukunya a rufe a danne murfin da dutse. Tukunyar miya ta zauna a gefen ta tuwo su raba wuta guda. In an sauke, abin da bai gama ci ba a zaro a tusa a yashi, gobe ma rana ce. Garwashi a binne a toka, da safe a tono a ɗumama tuwo, ba a taɓa ashana ba. Wuta sau ɗaya a yini, da rana fura ko gumba. Muka bi gona muna tono tushiyar kara, muna kakkaɓe ƙasa, har ɓuntun da aka zubar a masussuka muka kwaso. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. In na yi daidai, iyakarta ta ce, "Haka." Maigidana ya ji labari ya sayo mini risho daga Kano yana ganin ya kawo ƙarshen magana. Muka ɗora tukunyar tuwon mutum goma sha biyu, ƙafafun risho suka lanƙwashe, kananzir ya ƙare ruwa bai ko yi zafin kirki ba. Inna ta yi dariya har da hawaye ta ce wannan murhun mata da miji ne da ba su yin baƙi.

Duk da haka da bazara ta shigo tsibin ya kusa ƙarewa. Inna ta ce saura hanya ɗaya. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, shanu da raƙuma daga ƙasa biyu suke kwana a wurin. In aka yi sammako ranar Juma'a, akwai abin kwasa. Na gane abin da take nufi. Ni, 'yar Gumel, da ko ƙosan mai kandilo ba na saye. Amma kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Muka ɗaura wa jaki mangala muka tafi, ni da ita, tana ɗingishi ba ta yarda ta hau ba wai kada jakin ya gaji tun kafin kaya. A can ta nuna mini bambancinsu: na raƙumi ƙanana ne masu tauri, suna riƙe wuta kamar gawayi, na shanu kuwa a zaɓi wanda ya yi fari ya yi sauƙi a hannu, mai danshi a kawo gida a shanya. Ga mata da yawa daga hayin iyaka suna kwasa, ba mai jin kunyar kowa, suna hira suna tsokanar juna.

A zuwa na uku, ina sunkuye da ƙwarya, na ji an kira sunana na gida. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, dillalin shanu, ya kwana a kasuwa. Ya dubi hannuna, ya dubi ƙwaryar, ya ce, "Ke! Abin da aka kawo ki yi ke nan?"

Inna ta matso za ta yi magana, na riga ta. Na ce, "Kawu, ba wanda ya sa ni. Ɓarna na yi nake biya."

Ya girgiza kai ya tafi. Bayan kwana uku sai ga jaki daga Gumel da itacen ƙirya faskare tara, da saƙon mahaifiyata cewa ga na kwana biyu kafin ta ga abin da za a yi, kuma kada in ƙara zubar musu da mutunci a kasuwa. Na ji zafin saƙon, amma na karɓi itacen hannu biyu. Abin da ta kira na kwana biyu, da shi da kandilo da dabarun Inna, sai da ya kai mu kusan mako uku. Na tsaga kowane faskare sili-sili. Ranar ce na fara gane tambayar Inna, don itace ɗaya ne, hannu ne ya bambanta.

Ruwa kuwa ya ƙi sauka. Hadari ya haɗu ta gabas ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. Dabbobi suka ragu a kasuwa, masu kwasa suka ƙaru, Juma'ar ƙarshe da ƙyar muka rufe gindin mangala. Inna ta zare karan gadonta ta koma kwana a tabarma, ni ma na zare nawa. Har ranar da na tono toka da safe na ɗumama tuwo, na duba bayan madafi, na duba ƙarƙashin rumbu, ban sami ko tsinke ba. Na je na gaya wa Inna. Ta ce, "To, mun yi iyakar yinmu. Je ki gaya wa Yayanku da bakinki, kada ya ji a wurin wani."

Na je na durƙusa na faɗa. Yaya ya tashi ya ɗauki gatarin daga bakin zaure. Inna ta shige ɗaki ta saki labule, don ba za ta iya gani ba. Ni kuwa ina durƙushe ina jiran in ji takunsa ya nufi gona, sai na ga ya tsaya yana kallon gabas, ya daɗe. Sannan ya juyo ya nufi madafi. Ya kifa gatarin, ya buga shi a jikin dutsen murhu, ya sake bugawa, har ƙarfen ya fita ya faɗi a toka. Ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen ya sa a aljihu, ya miƙo mini ƙotar, itacen marke mai kauri da hannu ya goge shi har yana sheƙi.

Ya ce, "Wannan za ta yi tuwon yau?"

Na auna ta a hannuna, yadda aka koya mini. Na ce, "In na tsaga ta, Yaya, za ta yi na yau da na gobe."

Ya ce, "To a yi. Jibi kuma akwai ƙotar fartanyata."

Ya fita. Na ɗauki wuƙa da dutse na zauna ina tsaga ƙotar, hawaye yana hana ni ganin abin da nake yi. Ban ji fitowar Inna ba sai da ta tsuguna a gefena, ta karɓi sili ɗaya ta duba, ta ce ya yi kauri, in ƙara raba shi biyu.